Kunnuwan Burgu a Tukunyar Inna

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta ba. A majalisarmu ta bakin teburin mai shayi a Gusau, duk wanda ya zauna sai ya tambaye ni ina motar da na shigo da ita, don a wurinsu ba a zuwa Kwatano a dawo a ƙafa. In na ce ba mota na je saye ba, kunnuwan burgu na kai, sai a kwashe da dariya a ce in faro daga farko. Na ba da labarin nan har ya fara canza kama a bakin mutane. Shekaranjiya na ji wani yana rantse wa wani cewa da burgu mai rai na tsallaka boda a aljihun babbar riga. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, kowa ya karanta, a bar ni in sha shayina da zafinsa.

Ni malamin ilimin dabbobi ne a wata babbar makaranta a nan Gusau. Ɗalibai suna kirana Malam Kusu a bayan idona, suna tsammanin ban sani ba. Abin da ya ja mini sunan shi ne burgu. Tun ina yaro nake mamakin dabbar nan, yadda take haƙa rami mai ɗakuna, nan wurin kwana, nan rumbu, nan bayan gida, kuma ta tuna inda ta ajiye kowace ƙwayar gyaɗa. Hancinta kuwa, a wasu ƙasashe har horar da ita ake yi ta shinshino cuta. Tambayata kullum ita ce, me ke cikin ƙwaƙwalwar burgu da babu shi a ta ɓeran gida?

Masana sun daɗe da samun kayan aikin da ake amsa irin wannan tambaya da su. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jiki akwai rubutun gado, wanda ɗa ke karɓa daga iyayensa. An ƙera wani abu mai aiki kamar almakashi, a ba shi adireshin layi ɗaya a cikin rubutun, ya je ya yanke shi ko ya kashe shi, sai a zuba ido a ga abin da ya canza a aikin ƙwaƙwalwa. Matsalar ita ce, duk kayan an auna su ne a jikin farin ɓeran ɗakin gwaji. Sauran dangin ɓera, su burgu da gyazbi da kurege, ba wanda ya san ko almakashin zai shiga jikinsu. To sai wata cibiyar bincike a Kwatano ta kira taron horo na mako uku. Sharaɗin shi ne kowa ya zo da ɗan yankin kunnen irin ɓeran ƙasarsu, da ransa. Wanda ƙwayoyinsa suka tsiro, dabbarsa ta shiga aikin. Wanda nasa suka mutu a hanya, ya sha kallo ya koma gida.

Kwana biyar ne iyakar abin da naman zai iya yi a cikin ruwan maganinsa. Yana son sanyi irin na firiji. In ya yi zafi ya mutu, in ya daskare ma ya mutu.

Wanda ya kama mini burgun shi ne Baba Ɗanjuma, wani tsohon maharbi a Furfuri ta ƙasar Bungudu. Na ce masa ba hayaƙi a rami, ba karnuka, ba sanda, keji kawai da ƙuli-ƙuli. Mako uku dattijon nan yana kewaya gonakin bakin gari, tunda dajin nesa yanzu ba ya shiguwa, har ya tara goma sha biyu. Ranar da muka je da likitan dabbobi, aka shafa musu maganin kashe zafi, aka ɗebi abin da bai fi ƙwayar dawa ba a kunnen kowane, na ce a sake su. Baba ya tsaya yana kallon nama goma sha biyu suna shigewa ciyawa.

"Malam, shekara arba'in ina kamun burgu," in ji shi, "ban taɓa ganin wanda ka kama shi, shi yanke mai kunne, shi ce mai sai wata rana ba."

Na ce aikin ne ya zo da haka.

"To shi ke nan. Damina ta kusa, ramu za su cika da ruwa, ba ni iya sake tara maka wasu bana. In ka kai su, ka hwaɗa musu na Hurhuri na."

Na jera 'yan kwalaben guda goma sha biyu a cikin kula, irin ta masu allurar rigakafi, na kewaye su da robobin ƙanƙara, na saka ɗan ma'aunin zafi a tsakiya. Daga Bungudu na biyo ta Gusau na ɗauki jakata, na wuce Tsafe don in kwana a gida in yi sallama da mahaifiyata.

Inna ta tsufa, kuma tana fama da ciwon suga. Ƙanwata Rabi ce ke zaune da ita, ita ke yi mata allura safe da yamma. Ni nawa in aiko da magani, in buga waya in tambayi jiki. Muna cin tuwo na ja kunnen kowa cewa kada a taɓa kular nan. Inna ta tambayi abin da ke ciki, na gaya mata.

"Naman kusu za ka kai ma mutane ƙasar waje?"

"Kunnen burgu ne, Inna. Sanyi yake so."

"Sanyi awa na mi?"

"Kamar na firiji. Amma kada ya daskare."

Ta gyaɗa kai. Ranar kuwa ba a kawo wuta ba sam.

Da safe na dawo daga masallaci na tarar Rabi ta riga ta kai kayana bakin titi. Inna ta miƙo mini wani ɗan kwando, a cikinsa wani abu naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Ta ce in riƙe shi a cinya, kada in yarda a sa shi a but ɗin mota. Na ɗauka fura ce, don ban taɓa fita daga gidan nan ba tare da guzuri ba, ko Gusau zan koma. Na karɓa, ta yi mini addu'a, muka kama hanya.

Hanyar Tsafe zuwa Funtuwa kowa ya san yadda ake bin ta a shekarun nan. Ba mai hira, kowa bakinsa na motsi, direba ya taka mota kamar an biyo shi. Sai da muka hango Funtuwa sannan aka fara sakin jiki. Muka tsaya shan mai, na ce a buɗe mini but in duba ma'aunina. Ina ɗaga murfin kula ƙamshin soyayyar kaza ya buge ni. Kaji biyu, dambun nama a leda, dakuwa, ga ma'aunina a kwance a kan cinyar kaza yana nuna zafin da ko lafiyayyen mutum ba zai so ba. Babu kwalba ko ɗaya, babu robar ƙanƙara ko ɗaya.

Na kira Inna a nan tsaye, kuma abin da na faɗa ina jin kunyar rubuta shi, amma na yi alkawarin faɗin gaskiya. Na ce wa ya sa ta taɓa mini kaya? Na ce ta san abin da ta yi kuwa? Na ce aikin shekara guda ta zubar saboda kaza. Tunda nake ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar.

Ta bari na gama, sannan ta ce, "Buɗe kwandon da ka riƙe. Allah shi kiyaye hanya." Ta kashe wayar.

Na warware buhun. Wata 'yar tsohuwar tukunyar ƙasa ce, baƙa, da jan zare a wuyanta. A ciki ruwa ne da gutsattsarin ƙanƙara, kwalabena kuma an ƙulle su a leda biyu, an rataye da zaren yadda suna cikin ruwan amma ba su taɓa ƙasa ba. Na goge ma'aunin na tsoma. Ya yi ta sauka, ya yi ta sauka, har ya tsaya daidai inda littafi ya ce. Daga baya Rabi ta gaya mini cewa da asuba Inna ta taɓa robobina ta ji sun saki, ta aika aka sayo ƙanƙara wurin mai janareta. Kuma ta ce ko ba don haka ba, ba za ta bar kula sukutum tana ɗauke da abin da bai cika tafin hannu ba alhali ɗanta zai yi kwana uku a hanya.

Matar da ke zaune kusa da ni a motar ta ji duk abin da na faɗa. Sunanta Hajiya Ladi, 'yar kasuwa ce mai sarin atamfa, ita ma Kwatano za ta. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam, da wa kake wannan magana?"

Na ce da mahaifiyata.

"Da furfura a gemunka? To Allah Ya shirya. Miƙo kazar nan mu gani, tunda kai ba ka san darajarta ba."

Haka muka zama abokan tafiya. Ta ci cinya, ta ba direba fiffike, ta yi mini faɗa daga Funtuwa har Zariya. Na so in sake kiran Inna, kunya ta hana ni. Na ce sai na isa masauki, da na isa masauki na ce sai gobe.

A Abuja muka kwana, a wani ɗan masauki kusa da tasha. Niyyata in sayi sabuwar ƙanƙara in mayar da kwalaben cikin kula, don har lokacin ina ganin abin da aka ƙera a masana'anta ya fi tukunyar ƙauye. Amma kular ta sha mai, kuma Hajiya ta ce abin da ke aiki ba a taɓa shi. Na ƙara wa tukunya ƙanƙara kawai, na sake jiƙa buhun. Washegari a babbar motar Legas kwandasta ya ce duk wani akwati sai ƙasa wurin kaya, ba ya shiga ciki ko na wane ne. Don ya bar ni in shiga da kular na nuna masa takardu masu hatimi, bai ko kalla ba. Kwandon kuwa ya leƙa ya ga tukunya ya ce abinci ne, in wuce. Da muka sauka Legas da yamma aka fito da kular daga kusa da inji, gefenta ɗaya ya lotsa don zafi, sauran kazar tana iyo a cikin manta. Na tsaya ina kallonta. Hajiya ta kalle ni, na gane da kwalabena suna ciki da sun dahu.

Amma kafin mu kai can mun sha wuya. Tukunyar ƙasa da jiƙaƙƙen buhu iskar arewa suke so, busasshiya, wadda ke shanye ruwa ta bar sanyi. Muna wuce Lakwaja iska ta yi nauyi, buhun ya daina bushewa, ƙanƙara ta narke, ma'auni ya fara hawa a hankali. Ina duba shi kamar mai jinya. Inda aka tsaya cin abinci na zaga duk shagunan, kowa ya ce tun jiya ba wuta. Hajiya ta ja ni bayan tasha wurin wata mata mai sayar da kifin ƙanƙara, ta yi mata Yarabanci mai tsawo. Ban san abin da ta ce ba, na dai ji matar tana ta tausaya mini. Ta ɗauki wuƙa ta kankare ƙanƙarar da ke jikin kwalayen kifinta ta cika mini leda, na miƙa mata abin hannuna ta ture. Da muka koma mota na tambayi Hajiya me ta gaya mata.

"Ce mata na yi uwarka ce ta ba ka amana ka kai. Ƙarya na yi?"

Daga nan har Kwatano ni da tukunya ƙarnin kifi muke yi, kuma ba wanda ya nemi ya matse ni a kujera.

A Legas Hajiya ta kai ni unguwar Hausawa, gidan wani dattijo da fatake ke sauka. Mutumin kirki ne, har kirkin ya so ya yi yawa. Na shiga sallar magariba na bar kwandon a ɗaki, na fito na tarar babu shi. Ashe ya ji ana cewa kayan sanyi suke so, ya ɗauka ya saka mini a injin daskarar da lemo, ya ƙure shi, don a kyautata wa baƙo. Na ji maganar Funtuwa tana taso mini a maƙogwaro. Wannan karon na haɗiye ta. Na yi masa godiya, na ce likita ya hana su sanyi mai yawa, na ciro abina. Ruwan bai kai ga kamawa ba. Ya kawo mini shinkafa da miyar da barkononta ya sa na yi ta sharar hawaye, shi kuma yana ta ba ni haƙuri yana zaton kewar gida ce.

Rana ta uku muka isa boda. Na shirya takarduna tsaf, ta izinin fitar da samfuri, ta likitan dabbobi, da katin rigakafi. Abin da ban shirya masa ba shi ne yadda kayana za su kasance a idon wanda bai san ni ba: baƙar tukunya, jan zare, da 'yan gutsattsarin nama a kwalabe goma sha biyu. Jami'in ɓangarenmu ya ɗaga buhun, ya leƙa, ya mayar a hankali, ya tambaye ni ko ni malamin tsibbu ne. Na ce malamin makaranta dai. Ya kira ma'aikaciyar lafiya, ta karanta takardun layi-layi, ta ƙirga kwalaben, ta buga hatimi tana dariya. A ɓangaren Benin kuwa jami'in ko taɓawa bai yi ba. Ya ja da baya taku ɗaya, ya sa na buɗe da kaina. A can mutane suna girmama irin waɗannan tukwane, don da yawa a gidajensu akwai ta gado da ba a wasa da ita. Da ya gama duba takardu har ya ɗan rusuna wa kwandon. A raina na ce ka fi ni sanin ya kamata.

A tashar Kwatano muka rabu da Hajiya Ladi. Ta tare mini ɗan acaba, ta yi masa kwatance da Faransanci, ta ce in na koma gida in je in durƙusa. Ban ƙara ganinta ba, kuma ko lambarta ban karɓa ba, abin yana damuna har yau.

Garin babura ne, sun ninka na Gusau, 'yan acabarsu duk da riga ruwan ɗorawa. Mata suna tuƙa nasu da kansu, da jariri a baya da kwandon kasuwa a gaba, ba mai waiwayensu. Da rana tsaka sai a rufe ofisoshi a tafi cin abinci da hutawa, abin da na fara yi wa kallon lalaci, kafin mako ya ƙare na zama na gaba a layi. Burodinsu dogo ne mai tauri, ranar farko sai da ya kankare mini dasashi. Suna da wani tuwon masara mai tsami da ake ci da soyayyen kifi, shi ya riƙe ni. Gaisuwarsu kuma kalma ɗaya ce a wuce. Ni da na tsaya ina tambayar maigadi kwanan iyali da gajiya da aiki ta bakin tafinta, sai ya koma ya tambayi tafintan wai me nake nema a wurinsa.

Shugabar horon wata farfesa ce 'yar ƙasar, kowa Madam Afi yake ce mata, gajeriya mai saurin tafiya, kuma da Turanci take koyarwa saboda irinmu. Sauran mahalarta sun zo da akwatuna masu batir da fitilu. Ni na ajiye kwando mai ƙarnin kifi a kan teburinta. Ba ta yi dariya ba. Ta tsoma nata ma'aunin, ta duba, ta tambaye ni wa ya shirya wannan. Na ce mahaifiyata. Ta ce, "Ta san aikinta."

Aka yayyanka naman aka shimfiɗa a 'yan faranti da ruwan abincinsa, aka saka a akwatin ɗumi. Sai jira. Madam ta ce in da rai, ƙwayoyin za su fara rarrafowa daga gefen naman cikin mako guda. Kullum da safe ni ne na farko a kan madubin ƙara girma, kullum ba komai. Wani abokin zamana da ya zo ta jirgi da kunnuwan wani ɓera marar gashi na ƙasarsu, nasa sun daskare a hanya, ko ɗaya bai tashi ba. Na ga yadda ya zauna ya dafe kai, na tuna Baba Ɗanjuma da ramukan da ruwa ya riga ya cika. Kwana biyar abinci ba ya mini daɗi.

A rana ta shida na leƙa na ga wasu 'yan siraran abubuwa sun fito daga gefen naman suna miƙe hannuwa. Na kira Madam don kada idona ne. Ta duba faranti bayan faranti. Tara sun rayu. Na fita bayan ginin na yi sujada a kan ciyawa, maigadin nan yana kallona.

Sauran kwanakin muka yi su a kan ainihin aikin. Almakashin ba ya shiga ƙwayar halitta da kansa, sai an ɗora shi a kan wata ƙwayar cuta da aka cire wa dafi ta kai shi ciki. Ana haɗa shi da wata alama mai haske, in ya shiga sai ƙwayar ta yi kore a ƙarƙashin madubi. A farantin farin ɓera, ko'ina kore. A na burgu, da irin abin dakon farko, duhu kawai. Aka gwada na biyu, duhu. A na uku sai ga ɗigo-ɗigon kore nan da can, ba yawa, amma akwai. Na gyazbin da wata 'yar Gana ta kawo kuma na biyun ya karɓa, ya ƙi na ukun. Madam ta ce abin da muka taru mu gano ke nan, kowane da ƙofar da ake shigarsa. Ta kuma ja mana kunne cewa kunne ba ƙwaƙwalwa ba ne, tsakaninmu da sanin yadda burgu ke tuna rumbunsa akwai shekaru. Amma an rubuta burgu a cikin aikin, kuma a gaban sunan na sa an rubuta Furfuri.

Ranar rabuwa Madam ta roƙe ni in bar mata tukunyar, tana so ta riƙa nuna wa ɗalibanta da ke zuwa daga garuruwan da ba wuta. Na ba ta da murna. A ganina tsohuwar tukunya ce, irinta cike da kasuwar Tsafe.

A dawowa motarmu ta ratsa Tsafe ban sauka ba. Duk makonnin nan ta bakin Rabi nake aika gaisuwa. Na ce wa kaina na gaji, amma na san ba gajiya ba ce. Na wuce Gusau, washegari na tafi Furfuri da hoton a waya. Baba Ɗanjuma ya nisanta wayar da idonsa, ya daɗe yana kallon ɗigon koren.

"Wanga shi na kunnen burgu? Ashe da hitila ciki." Ya miƙo mini wayar. "Ka hwaɗa musu na ina na?"

Na ce har rubutawa an yi. Ya ce to madalla, ya sa aka kawo mini fura.

A rana ta uku na je Tsafe da hantsi. A ƙofar gida na ci karo da Rabi, ta dawo daga wani wuri tana haki, da 'yar leda a hannu naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Na tambaye ta daga ina. Ta ce daga kemis ɗin bakin kasuwa, can suke ajiye allurar Inna a firijinsa, safe da yamma take zuwa ɗaukowa ta mayar. Na ce tun yaushe? Me ya sa ba a ajiye ta a gida?

"Yaya, ai kai ka tafi da tukunyar."

Shekara shida ke nan, in ji ta, a cikin tukunyar nan maganin Inna ke kwana, rataye da jan zaren nan, a bayan randa. Na shiga ɗakin nan ya fi a ƙirga, ban taɓa lura ba. Shi ya sa da na ce sanyin firiji amma kada ya daskare, Inna ba ta sake tambaya ba.

Na same ta a kan tabarma tana tsince wake. Na durƙusa, na ce ta yafe mini abin da na faɗa. Ta ci gaba da tsintar wakenta.

"Sun rayu?"

"Tara sun rayu, Inna."

"Alhamdu lillahi. Kazar hwa, ta ishe ka?"

Na ce har mutanen mota sun ci. Ta ce to, ta yafe, tun ina Funtuwa ta yafe. Sannan ta miƙo hannu ta ce in ba ta tukunyarta. Nan na so ƙasa ta tsage in shige. Na gaya mata na bar wa Madam Afi ita, tana can Kwatano a kan kanta a ɗakin gwaji, ana koya wa ɗalibai da ita.

"Matar nan tana sa mata ruwa?"

Na ce ban sani ba.

"To buga mata ka hwaɗa mata. Tukunyag ga ta saba da ruwa, in anka bar ta ta bushe tsagewa za ta yi."

A gabanta na kira Madam Afi, na fassara mata saƙon kalma-kalma. Madam ta ce a gaya wa Inna yanzu za ta tashi ta zuba.

Da yamma na je kasuwa na sayo sabuwa. Inna ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta ce ba laifi, amma sabuwar tukunya sai ta yi wata tana shan ruwa kafin a amince mata da magani. Na ce Rabi ta huta, ni zan riƙa zuwa kemis ɗin har in koma aiki, kuma ta koya mini yadda ake allurar. Ranar farko Inna ta riƙe mini hannuna da nata har allurar ta shiga.

To 'yan majalisa, ga labarin Kwatano. Ban zo da mota ba. Duk ranar Juma'a in kun ga kujerata ba kowa, ina Tsafe, ni ke canza wa tukunya ruwa.